Ƙofar Wata Shida

Adjamé Saint-Michel, Abijan
14 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Baban Huda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kana cin abinci, kana salla a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke kumbura in na hau bene. Matarka Ummul-Khairi ƙalau take. Huda ta yi mura ta warke. Yanzu ba ta da aiki sai surutu, rabi Hausa rabi Faransanci, wani lokaci sai an fassara mini maganar jikata.

Ka yi haƙuri da layukan da ke gangarawa, hannun da ya tsufa kafin ya kama biro ne. Na zaɓi in rubuta in ba Alhaji Babani, tunda ran Asabar zai taso zuwa Guangzhou sarin kaya, domin maganar ba ta waya ba ce. Ka san ɗakin nan, in ka yi tari a wannan kusurwa ana ji a waccan.

Ƙofarka ta lalace. Wadda ka raba mana falo da ita kafin bikinka, mai ƙyaure huɗu da ke naɗewa, mai rataye a ƙarfen sama. Tayar da ke ɗauke da ƙyaure na uku ta fashe, sharniyar da ke haɗa shi da na biyu ta lanƙwashe. Ƙofar ta karkace, gindinta na jan ƙasa, in an ja ta sai ta tsaya ta bar fili kamar kamu ɗaya.

Da mu mata kaɗai ne da ban dame ka ba. Amma ƙaninka Sadi ya dawo daga Bouaké wata biyu ke nan, kamfanin da yake tuƙa wa mota ya rufe. Yana kwana a ɓangarena, a katifa gaban talabijin. In Ummu za ta fito, shi ke ɗaga mata ƙyauren da kafaɗa. Tun da ya dawo yarinyar nan ba ta cire hijabi ba. Da shi take girki, da shi take kwana, duk wuyanta ya yi ƙuraje saboda zafi. Na rataya zane a wurin, fanka na ɗaga shi.

Jumma'ar da ta wuce surukinka Malam Sayyadi ya ƙetaro daga Treichville. Ka tuna sharaɗinsa da zai ba ka 'yarsa: ɗaki mai ƙofa, ba labule ba. Shi da kansa ya ja ta sau uku kafin ya yarda. Ya zauna, ya sha ruwa, ya dubi zanen yana kaɗawa, ya dubi katifar Sadi. Da zai tafi ya ce, "Hajiya, ban zo da faɗa ba. Amma ƙanin miji ba muharrami ba ne, kin sani. Ko ƙofa ta rufu, ko yaron nan ya bar gidan, ko in zo in ɗauki 'yata. Na bar ku zuwa ganin watan azumi."

In ta koma Treichville, da shekara huɗun nan da ka yi ba ka nan, ba na jin za ta dawo. Ita ce ke shafa mini magani a gwiwa. Huda a bayana take barcin rana.

Na ɗaure tayar a bakin zane na bi shagunan kayan gini na Adjamé kwana biyu. Wani mai shago ya juya ta, ya juya, ya ce, "Maman, wa ya sayar miki da wannan? Ba ta da 'yar'uwa a duk Abijan. Yako, sannu!" Sai ya miƙo mini tayar keken yara yana dariya. Na tuna ka ce samfur ne wani kamfanin can ya aiko maka.

Ga tayar nan a ambulan, da sharniyar. Ka nemo irinsu ka ba Alhaji ya dawo da su. Kada ka ce gobe.

Mahaifiyarka,
Lailatu


Guangzhou
9 ga Disamba, 2023

Inna,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ki rage hawa da sauka, abin da ba dole ba ki aika. Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne dai ya shigo.

Ga tayoyi biyu da sharniya uku. A kira Harouna kafinta. Ya kwance ɗan ƙarfen da ke tare ƙarshen rayi, wato ƙarfen saman, ya zaro tsohuwar ƙafar, ya zura sabuwa, sannan ya juya notin har gindin ƙyauren ya bar ƙasa da kaurin yatsa. Kada a sa man gyaɗa, datti yake kamawa. Kuma a daina bugun ƙofar. Taya ba ta fashewa haka kawai.

Abin da ban gane ba shi ne, Sadi wata biyu a gidan amma ba wanda ya gaya mini. Kin rubuta shi ke ɗaga mata ƙofa. Na karanta layin nan ban san sau nawa ba. Me ya sa kika rubuta shi? In akwai abin da kika gani, Inna, ki faɗa mini a fili, ni ba yaro ba ne.

Maganar Malam kuwa kada ta hana ki barci. Malamai haka suke, sai sun ja aya. Ba inda zai kai ta. Ki ce wa Ummu ta ƙara haƙuri, akwai kayan da nake jira, da sun fita zan fara shirin dawowa.

Ɗanki,
Abdulbaqi


Adjamé
11 ga Janairu, 2024

Baban Huda,

Bayan gaisuwa. Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Lafiya kuwa sai ka karanta ka gani.

Ka tambaye ni abin da na gani. Na ga ƙaninka yana ɗaga ƙofa ya juya fuskarsa bango. Na ga yana fita tun asuba ya yi ta zama a tasha don matarka ta samu ta sha iska. Shi ke nan abin da na gani. Na yi shekara uku ina zuwa ajin Malama Rahamatu, yara na yi mini dariya, don in iya rubuta maka abin da ke raina. Ban koya don ka tsinci layi ɗaya ka shafa wa ɗan'uwanka baƙi ba. Ban nuna wa kowa takardarka ba, na ƙona ta.

Harouna ya ɗaura tayoyin yadda ka ce. Ƙofar ta rufu ruf. Ranar Ummu ta cire hijabi, ta wanke kai, maƙwabciyarmu ta yi mata kitso. Na ji ta tana 'yar waƙa tana soya kifi. Kwana tara muka yi haka.

A rana ta goma bayan la'asar Huda ta kama ƙofar tana ja tana cewa ita ce direban jirgi. Sai na ji ƙara daga sama. Ƙarfen ya ɓalle daga silin ta gefe ɗaya, ƙyaure biyu suka taho a kanta. Sadi yana zaune yana cin acheke. Ban san yadda ya tashi ba, na dai ga kwanon a kife, shi kuma ya rufe yarinyar da jikinsa ya tare katakon da hannu. Huda ba ta ji ciwo ba sai ƙujewa a ƙafa. Hannun Sadi na dama ya karye wuri biyu. An sa masa filasta har gwiwar hannu. Direba ne, ka sani. Akwai motar Korhogo da aka yi masa alkawari ƙarshen watan nan, an ba wani.

A asibiti Huda na kuka tana ba Sadi haƙuri da Faransanci, "Tonton Sadi, pardon." Shi kuma yana tsokanarta, "Direba, ina lasin ɗinki? Kin kashe fasinja tun ba a bar tasha ba."

Da Harouna ya dawo ya hau kujera, sai ya ce, "Hajiya, zo ki gani da idonki, kada a ce ni na faɗa." Ya zuba mini sukurorin a tafin hannu. Kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Ya ce ba a kankare aka ɗaure ƙarfen ba, a jikin falankin silin ne kawai, kuma da ƙofar ta koma tafiya da kyau sai duk nauyin ya koma kansu. Ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ya san aiki, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Wannan ɗaurin wata shida ne. Allah ne ya riƙe muku shi shekara huɗu, ba sukuru ba."

Na ce to ya ɗaure a kankare. Muka je wurin mai gidan haya, ya ce duk ranar da aka huda masa kankare mu kwashe kayanmu. Ya ce ya gaya maka haka tun wancan lokaci.

Yanzu ƙyauren huɗu suna jingine a bango. Ummu ta mayar da hijabi a kan sabon kitso. Malam ya aiko a gaishe da Sadi, ya haɗo da zuma, amma ya ce maganarsa tana nan yadda take. Saura wata biyu.

Tambaya ɗaya nake so ka amsa. Ka san haka ka ɗaura ta, ka bar mu muna kwana a ƙarƙashinta?

Mahaifiyarka


Guangzhou
8 ga Fabrairu, 2024

Inna,

Ina gaishe ki. Na kira Sadi sau biyu bai ɗauka ba, ki yi masa sannu. Na gode wa Allah da ya tsare Huda. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

E, na sani. Mai gida ya hana huda kankare, Malam ya ce sai ƙofa, biki saura sati biyu. Na ce in ɗaura wadda za ta kai mu wata shida, in je in dawo in kama mana gidanmu. Wa ya san korona za ta rufe hanya? Amma ki tuna, Inna, na kawo katako marar nauyi kika ce me mutanen Treichville za su ce, sai iroko. Na gaya miki tayoyin ba na wannan nauyin ba ne. Kika ce ɗanki ba zai yi aure a bayan kwali ba. Ba ina ɗora miki laifi ba ne, amma kada a ce ni kaɗai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Takarduna sun ƙare tun shekara ta biyu. In na je filin jirgi sai an tsare ni tukuna, in an sake ni kuma ba ni ba ƙasar nan. Duk abin da na tara yana cikin sito a nan. Ina neman hanya. Kada ki gaya wa Ummu, kada Malam ya ji.

Na samo wata ƙofar ta alminiyam, mai nata firam da ke tsayawa a ƙasa, ba sai an huda komai ba. Ba ta shiga jaka, sai kwantena. Za ta iso bayan Ƙaramar Salla.

Kafin nan, ke da kanki kika rubuta Malam ya ba da hanya uku. Ta tsakiyar ba ta buƙatar sukuru ko ɗaya. Sadi namiji ne, yana da abokai a tasha. Wata biyu ko uku ne. In kina son aurena ya tsaya, Inna, a hannunki yake.

Ɗanki,
Abdulbaqi


Adjamé
25 ga Fabrairu, 2024

Baban Huda,

Gaisuwa. Gwiwar tana nan yadda take.

Na rubuta maka maganar Malam ne don ka ji nauyinta, ba don ka zaɓar mini ba. Amma na yi. Kwana biyar ina juya abin. Ran Laraba bayan azahar, Ummu ta tafi kasuwa da Huda, na zaunar da Sadi. Na fara kewaye-kewaye, ina maganar zafi, ina maganar ƙuncin ɗaki. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Inna, Yaya ne ya ce, ko ke?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "To shi ke nan. Da shi ne da na tambayi dalili."

Da hannu ɗaya ya naɗe katifar. Na tashi in taya shi ya ce in zauna, gwiwata. Ya sa igiyar a haƙori ya ɗaure. Ya bar maganina a kan talabijin, ya nuna mini na safe da na yamma, ya ce ran Litinin zai zo ya kai ni asibiti kamar kullum. Yana kwana a benci a rumfar masu yankan tikiti a babbar tasha.

Da Ummu ta dawo ta tarar ba katifar. Ta dafa abinci ta zuba nasa a kwano kamar kullum, ta rufe, ta ajiye. Har gari ya waye yana nan.

Na yi abin da ka ce. Yanzu kai ka rubuto mini rana. Ba wata ba, ba bayan kaza ba. Rana, da zan iya faɗa wa mutane.

Mahaifiyarka


Adjamé
21 ga Afrilu, 2024

Baban Huda,

Assalamu alaikum. An yi azumi, an yi salla, Allah Ya karɓa. Ina da rai. Alhaji Babani ya dawo ana saura kwana uku salla ya kawo 'yar tsana da takardar kwantena. Na zazzage jakar har sau biyu ina neman takardarka, babu. Ya ce da ya ba ka wasiƙata ka karanta a tsaye, ka ce za ka kira.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka.

Ranar da ake duban watan azumi Malam ya zo bayan la'asar. Ya duba ɗakin, ya ga ba katifa. Ya ce, "Hajiya, kin cika sharaɗi. Mata uku a ɗaki ba sa buƙatar ƙofa. Allah Ya saka." Har na fara hamdala. Sai ga Ummu ta fito da akwati, ta riga ta sa wa Huda takalmi.

Ubanta ya ce, "Ke, ina zuwa? An gama magana."

Ta durƙusa a gabana, ba a gabansa ba. Ta ce, "Inna, ki yafe mini. Ni ban taɓa cewa a kori Sadi ba. Da hijabin zan iya shekara, wallahi. Amma mutumin da ya karye saboda 'yata yana kwana a benci saboda ni, ni kuma ina kan gado? Loma ba ta wuce mini. Kuma na lura, Inna, duk abin da kika gyara, ƙara masa wurin zama kike yi a can. An sa taya, ya zauna. An kori Sadi, ya zauna. Gobe a kawo sabuwar ƙofa, ya ƙara shekara huɗu. Ça suffit, ya isa haka."

Huda ta ɗauka yawo za a je, tana ce mini, "Meme, taso mana, ke kullum sai an jira ki." Na raka su har bakin titi, suka shiga tasin woro-woro. Na sha ruwan azumin farko ni kaɗai.

Na je tasha na ce wa Sadi ya dawo, ɗaki ya zama fili. An cire filastar, amma hannun bai miƙe daidai ba, ba ya iya riƙe sitiyarin babbar mota. Yanzu lodin kaya yake rubutawa a motocin Yamai. Ya sayo mini ruwan sanyi, ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Inna, na saba da nan." Duk Litinin yana zuwa ya kai ni asibiti. A ƙasan bene yake tsayawa ya aiko a kira ni. Bai ƙara hawowa ba.

Maganar iroko gaskiyarka ce, ni na nace. Na ɗauki wannan. Korar Sadi ma da bakina na yi, ba zan ce kai ba. Waɗannan nawa ne, ni zan je gaban Allah da su. Na ba Harouna ƙyauren huɗu kyauta ya kwashe. Ƙofarka ta kwantena in ta iso ka ce wa Alhaji ya sayar, ba abin da za ta raba a nan.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ummu ta nemi a raba auren. Malam ya kai maganar gaban limamin unguwarsu a Treichville. Liman ya ce ba zai yi gaggawa ba, a sanar da kai, an ba ka zuwa sati ɗaya bayan Babbar Salla. In ka zo, a zauna da kai. In ba ka zo ba, zai saurari shaidu. Sun ce ba su son na nesa, suna son wanda ya zauna a ɗakin. Ni suka kira.

Alhaji ya ce in ce ba ni da lafiya, uwa ba ta shaida a kan ɗanta. Na yi tunanin haka. Amma yarinyar nan ta ba ni shekara huɗu da rabi na ƙuruciyarta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Za a tambaye ni yaushe ka tafi, zan faɗa. Za a tambaye ni ko ka sa ranar dawowa, zan ce na roƙa ba a ba ni ba. In aka tambaye ni ko na san abin da ya hana ka, ka ce kada in faɗa, amma ban yi maka alkawari ba, kuma Alƙur'ani za a ajiye a gabana.

Sadi ya ce zai kai ni har ƙofar masallacin. In kana so a ji wata magana dabam a wurin, ka zo ka faɗe ta da bakinka. Ko da sun tsare ka, ko da ka sauka ba ka da komai sai rigar jikinka, akwai shinkafa a gidan nan.

Allah Ya tsare ka a inda kake. Ban fasa yi maka addu'a ba, kuma ba zan fasa zuwa ba.

Mahaifiyarka,
Lailatu